Godiyar Inna a Lambun Wardi

Ranar da Inna ta fita takabar Baba ina da magana a bakina wadda na yi sati uku ina juyawa, na kasa faɗa. Maganar ita ce na gaji. Wata huɗu da kwana goma na yi a gidanmu na Zongo. Na bar mijina da 'ya'yana uku a unguwar Dassasgho suna cin abin da babbar 'yata ta iya dafawa, na bar rumfata ta atamfa a hannun maƙwabciya. Ni da ƙanena mun riga mun gama shawara a waya. Inna ba za ta iya zama ita kaɗai ba, ƙafafunta sun ƙi, idonta na hagu ya yi hazo, don haka za ta koma gidansa a unguwar Ouaga 2000, ni kuma in koma nawa. Ya ce, "Yaya, ke za ki gaya mata, ke ce babba." Haka ƙanne suke. In rabon nama ne su ne a gaba, in kuwa maganar da za ta ɓata ran uwa ce sai su tuna akwai wanda ya girme su.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari har ƙarshen rayuwa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana so na sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Ba ta kallon idona, ba ta yabona, ba ta cin abinci kwano ɗaya da ni. Ƙanena kuwa har sunan wasa take kiransa da shi, ga shi da furfura a gemu. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, an sha gaya mini tun ina yarinya. Amma sanin bai rage mini komai ba a watannin nan. Ni ce mai ɗaga ta, ni ce mai kai ta banɗaki, ni ce mai dama kunu, ni ce mai murza mata ƙafafu da man kaɗe har yatsuna su sandare. In na gama sai ta ja ƙafarta ta juya fuska bango. Ko "sannu" ban samu ba, kuma ina jin kunyar faɗa, amma na riƙa jiranta.

A Zongonmu, ranar da mace ta fita takaba ba ta zama a gida. Za ta yi wanka, ta sa sabon kaya, ta sa turaren da ta yi wata huɗu ba ta taɓa ba, sannan ta bi gidajen da suka zo mata ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya tana godiya. Ba a zuwa hannu biyu, a kowane gida ana ajiye goro. Mu jikokin fataken goro ne, ko ba mu sayar da shi yanzu, da shi muke gaisawa. Tun ana saura kwana biyu Inna ta sa na sayo goro mai kyau, fari da ja, na jiƙa tsumma na lulluɓe shi a cikin kwando. Da na ce ya yi yawa sai ta ce wa bango, "Wasu ba su san yawan mutanen da marigayi ya sani ba."

Da safe na yi mata kitso, na ɗaura mata zane, na yafa mata farin mayafi. Ta zauna a bakin gado tana lissafa gidaje da yatsu, ni kuma aikina ya zama in riƙa kashe mata su. Gidan mai koko? Ta rasu bara, 'ya'yanta sun sayar. Gidan liman na da? Yana cikin ɓangaren da aka rushe, yanzu fili ne da katanga. Gidan ƙawarta mai dakan fura? Tana can bayan gari wajen ɗanta, ko taksi ba ya shiga in an yi ruwa. Tun da aka rushe rabin tsohuwar unguwa mutanenmu suka watsu, wasu Ouaga 2000, wasu Dassasgho, wasu ma ba wanda ya san inda suka faɗa. Da yawa daga masu ta'aziyyar Baba ta waya suka yi, wasu kuma saƙon murya suka turo.

Gida uku muka samu. A na farko tsohuwar tana barci, jikokinta suka karɓi goron suna kallon talabijin. A na biyu an yi mana kirki, an kawo ruwa, an yi addu'a. A na uku 'yan haya ne 'yan Kano masu sayar da shadda, ba su daɗe da zuwa ba, amma sun san abin da ya kamata su ce. Kafin rana ta take mun dawo, kwandon goro kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Inna ta zauna a zaure da mayafinta, ta ɗora kwandon a cinya, ta ƙi shiga ciki. Na ce ta zo ta cire kaya ta huta. Ta ce, "Ba a gama ba."

Ina tsaye a kanta ƙanena ya kira. Na koma tsakar gida na rage murya na gaya masa halin da ake ciki.

"Yaya, kin gaya mata?"

"Ban gaya mata ba."

"Bon, ga shawara. Akwai wani jardin, lambu ne da aka dasa roses, furen wardi, kowa na iya shiga. Ki kai ta ta sha iska, tunda ta riga ta yi kwalliya. A can babu mutanen unguwa, sai ki gaya mata tranquillement, cikin natsuwa. Ni ina réunion."

Kullum yana réunion, taron wajen aikinsa ba ya ƙarewa. Na kashe wayar ina jin kamar in jefa ta a randa, amma ban da wata dabarar da ta fi tasa.

Na ce wa Inna ta tashi, akwai sauran wuri ɗaya.

"Gidan wa?"

"Ba gida ba ne, Inna, lambu ne."

"Lambun wa?"

"Na kowa ne. Ana shiga a zauna a kalli furanni."

"A kalli furanni," ta maimaita, kamar na ce mata ana shiga a kalli tukunya. "To wa za mu yi wa sallama?"

Sai na ce furen wardi ne a ciki. Nan ta ɗago kai. Inna ta yi shekara da shekaru tana haɗa humra da turaren wuta tana sayar wa amaren Zongo, kuma man wardi da take saya a 'yan kwalabe wajen 'yan Kano shi ne abin da take ji da shi a sana'ar. Ashe duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin itacen da ido ba. Ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba, na ɗaga ta.

Muka shiga koren taksi, irin wanda ƙofarsa sai direba ya zagayo ya buɗe ta waje. Ƙarshen damina ne, zafin nan mai ɗanko da ke sa mayafi ya manne a wuya. Duk hanya ina haɗa maganar a raina. Inna, kin ga ƙafafunki. Inna, yaran suna bukatata. Kowace na haɗa sai in ji ta yi kama da kora.

A ƙofar lambun na sayi tikiti biyu. Mai gadi ya dubi kwandon Inna ya ce mini da Faransanci ba a taɓa furanni, ba a tsinka. Inna kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya ta yi sallama cikakkiya, har da wa barakatuhu, ta jira. Da ba wanda ya amsa sai ta sake. Mai gadin ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya amsa mata, ta ba shi goro biyu, sannan ta yarda ta taka ciki.

Na zaci zan ga abin da ake gani a hotunan kalanda. Abin da na gani kwamai ne da aka kewaye da duwatsu masu farin fenti, a cikinsu gajerun itatuwa masu ƙaya, gefen ganyensu ya ƙone. Furannin suna nan, ja da fari da ruwan ɗorawa, amma duk sun sunkuyar da kai saboda rana. A gindin kowane an kafa ɗan allo da suna da Faransanci. Akwai bencuna a inuwar dogon yaro, samari da 'yan mata sun zauna bibbiyu, wasu 'yan mata uku suna ta ɗaukar junansu hoto da waya. Na kai Inna gaban wani ja mafi girma, ta dafa kafaɗata ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe.

"Wannan ne wardin?"

"Shi ne, Inna."

"Na kwalba ya fi shi." Ta sake shinshinawa don kada ta zalunce shi. "Ana cin ganyen?"

"Ba a ci."

"Magani ne?"

"A'a."

"To Allah ya kyauta," ta ce, ta miƙe.

Na nufi wani benci da babu kowa, amma ta ja ni wajen na kusa, inda wani saurayi da budurwarsa suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ta yi musu sallama, ta tambayi gida, ta tambayi iyaye, sannan ta ce maigidanta ne ya rasu, yau ta fita takaba, ta zo godiya. Ta zaro goro biyu ta miƙa. Saurayin ya cire abin kunnensa yana dubana, yana neman in cece shi. Yarinyar ce ta fi shi hankali, ta karɓa ta ce, "Mes condoléances, Yaaba." Ta'aziyya ke nan da Faransanci, Yaaba kuwa shi ne kaka da Mosanci, kuma Inna ta ji daɗinsa. Ta wuce benci na gaba.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ita tana godiya, ni ina biye da ita kamar in nutse. Wani mai karatun jarida ya ce shi ba ya cin goro, ta ce ya kai wa babarsa. 'Yan matan nan masu hoto suka karɓa suna ƙunshe dariya, ɗaya ta ɗaga waya za ta ɗauke mu, na watsa mata harara ta sauke. Nauyin Inna duk yana kan kafaɗata ta dama, wadda dama ta yi wata biyu tana ciwo. A benci na shida haƙurina ya ƙare.

"Inna, don Allah! Mutanen nan ba su san Baba ba. Ba su zo ta'aziyya ba. Godiyar me kike musu?"

Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, har mai jaridar ya waiwayo. Inna ba ta dube ni ba. Ta gyara tsumman da ke kan goro ta ce, "Ba su zo ba don ba su ji ba. Yanzu sun ji."

Na zaunar da ita a inuwa, na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Na ce a raina yanzu ne, tunda na riga na yi rashin kunya gara in ƙarasa. Na ce, "Inna, ni da ƙanena mun yi magana." Ta ci gaba da gyara tsumman goronta. Na ce, "Kin ga gidan nan na Zongo..." Sai ta ce maƙogwaronta ya bushe.

Na tashi na je wajen mai sayar da ruwan leda a bakin ƙofa. Na saya, amma ban koma ba. Akwai wani bulo a bayan rumfar, na zauna a kai, na jingina da katanga, na rufe ido. Babu mai cewa "ke". Ba zan ɓoye ba, a zaunen nan na yi tunanin in tare taksi in tafi Dassasgho in kwanta a gadona, in kira ƙanena in ce ya je ya ɗauki uwarsa a lambu. Tunanin ya yi mini daɗi, daɗin kuma ya ba ni tsoro. Ban san minti nawa na yi ba. Sanyin ruwan dai ya tafi a hannuna kafin in tashi.

Da na koma babu Inna a benci. Matar da ba ta iya taku goma sai an riƙe ta ina za ta? Can ƙarshen lambun na hango farin mayafi a gindin katanga. Tana zaune a kan wata jarka da aka kifa, wani dattijo Bamoshe yana tsugune a gabanta da almakashi a hannu, rigarsa jiƙe da ruwan ban-ruwa. Mai kula da lambun ne. Shi ya ga tana ƙoƙarin tashi ya ba ta hannu. Mosanci suke yi, Inna kuwa ta iya shi kamar a ƙauye aka haife ta, ta fi ni nesa ba kusa ba.

Ya kawo ta wajen wani tsohon itace ne da ba shi da allo, furanninsa ƙanana, ruwan hoda mai haske, ba su da wani kyan gani. Ya ce baƙi ba sa zuwa nan don ba ya kyau a hoto, amma shi kaɗai ne mai ƙamshi, kuma da sassafe ya fi. Ya yanko mata ɗaya, shi da aka ba almakashi. Inna ta kai hanci, ta lumshe ido, ta ce, "Yawwa. Wannan ne." Ta ba shi goro, ya karɓa da hannu biyu, ya tambayi sunan mamacin, ya tambayi ciwon da ya yi, ya yi doguwar addu'a irin ta manya tana amsawa. Bai san Baba ba shi ma, amma duk yinin nan shi ne ya karɓi godiyar yadda ake karɓarta.

Na miƙa mata ruwan, ta sha, ta ajiye ledar. Ina tsaye taku biyu daga gare ta. Sai ta ce wa dattijon, da muryar da ta tabbata ina ji:

"Ka ga waccan da ke tsaye?"

Ya dube ni ya ce ya gani.

"Ita ce ta fari. Wata huɗu da kwana goma ba ta kwanta a ɗakinta ba. Ta bar miji, ta bar 'ya'ya, ta bar kasuwa. Ita ke ɗaga ni, ita ke wanke ni. Kafaɗarta ta dama tana ciwo, tana tsammani ban sani ba. Duk gidajen da na bi yau ba wanda ya yi mini rabin abin da ta yi."

Dattijon ya ajiye almakashinsa.

"Ka ce mata na gode. Ka ce mata Allah ya ba ta masu yi mata. Ka ce mata ta tafi gidanta, ta gaji."

Mutumin nan bai yi dariya ba, bai ce ai ga ta nan tana ji ba. Su ma Mosawa sun san kunya. Ya miƙe tsaye, ya juyo gare ni, ya maimaita maganar tun daga farko, bai rage ko kalma ba, har da kafaɗar. Na tsaya ina saurare kamar labarin wata ake ba ni. Da ya kai "ta ce ta gode" na sa gefen mayafi na rufe fuska.

Inna ba ta gama ba. Ta ce ya gaya mini ta ji duk abin da muke ƙullawa a waya ni da ƙanena, ido ne ya lalace, kunne lafiyarsa lau. Ta ce in kira shi ya bar réunion ɗinsa ya zo ya ɗauke ta daga nan wurin, yau ɗin nan, kayanta a biyo ta da su daga baya. Ta ce in ta koma gidan Zongo ta ga ƙofar ɗakin Baba, to ba za ta iya sake fitowa ba, sai dai a fito da ita.

Dattijon ya faɗa mini wannan ma, sannan ya tsaya yana jiran amsar da zai mayar. Na buɗe baki. Sati uku ina shirya magana, ga shi an karɓe mini ita, abin da ya rage a bakina kawai in ce a'a, Inna, mu koma gida, zan ƙara wata ɗaya. Na san in na faɗa za ta yarda. Na kuma san ba zan iya ƙara ko sati ɗaya ba. Na ce masa, "Ka ce mata to."

Ƙanena ya iso bayan la'asar, yana ta murna abu ya zo da sauƙi, yana ce mini, "Kin ga, Yaya, na ce miki jardin zai yi aiki." Muka sa ta a kujerar baya, na gyara mata ƙafafu, na naɗe mayafin don kada ƙofa ta kama. Ta kira shi da sunan wasansa ta ce ya rage sanyin motar. Ni ba ta dube ni ba, kamar kullum, motar ta tashi.

Tikitina bai ƙare ba, don haka na koma ciki na zauna a benci. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo ya samu, ba mai kirana, ba abin da zan ɗaga, amma jikina ya mutu har na kasa tashi. Na zauna ina kallon dattijon yana jan tiyon ruwa daga kwami zuwa kwami, har mai gadi ya zo ya ce za a rufe.

Inna ta yi shekara biyu a Ouaga 2000 kafin Allah ya karɓi abarsa. Duk Juma'a ina zuwa, in yi mata kitso, in murza mata ƙafafu, ta ce mini "ke" ta juya fuska. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Godiya ɗaya na samu daga uwata a duk rayuwata, a bakin wani Bamoshe mai ban-ruwa na ji ta, kuma ko sunansa ban tambaya ba.